Zai Sayar da San Huɗa don Injin Wanke Faifai

Assalamu alaikum Malam Ladan. Don Allah ka taimake ni, raina a ɓace yake. Ka yi haƙuri da rubutuna, sai da na aurar da 'ya'ya biyu sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Ni mutuniyar Horo Birni ce, mijina ya rasu bara waccan. Babban ɗana, muna ce masa Ɗanbaba, yana zaune Bodinga. Sana'arsa kai garmaho da lasifika gidan buki, ya sa faifai mutane su yi rawa. Ban taɓa son sana'ar ba, amma da ita yake ci da iyalinsa.

Watan jiya na je ganin matarsa da ta haihu. Na tarar da fayafayan nan a kwali, duk ƙura da maiƙon hannu, har da miyar buki a jikin wani. Shi kuma kullum yana ƙorafin suna ƙarar ƙas-ƙas kamar ana suyar gyaɗa. Da ya tafi kasuwa na ce bari in yi masa abin kirki. Na ɗebo toka da soso na dirje guda tara tas, yadda nake yi wa tasoshina, na jera su bisa rufin kwano su sha rana. Da la'asar na tarar sun lanƙwashe kamar ganyen kabewa.

Malam, da ka ji abin da yaron nan ya faɗa mini gaban surukata! Wai, Inna, wa ya aike ki? Wai in tsaya ga tukwanena. Ni da na goya shi!

Yanzu ya ce sauran fayafayan ba mai sake taɓa su sai inji. Wani Sodangi mai gyaran rediyo a Sakkwato yana da guda biyu. Wai a zuba ruwa bisa faifai, injin ya zuƙe ruwan da dattin duka. Ɗaya babba ne, tsoho, wani Bature malamin makaranta ya bari da zai koma gida. Ɗayan ƙarami, da hannu ake juya faifan. Babban yake so, kuma ya rantse sai ya sayar da sa ɗaya cikin shanun huɗa biyu da ubansu ya bari, wai ai yana da gado ciki. A wannan zamani da sabulu ma sai an yi layi! Sa ɗaya yana jan garma? Damina saura wata biyu, ƙannensa huɗu gonar nan suke ci. Ranar kasuwar Shagari mai zuwa zai turo dillali. In na yi magana ya ce ni na jawo. Shin injin nan gaskiya ne, ko Sodangi ya ga wawa? In kai shi gaban Hakimi?

Uwa Mai Takaici, Horo Birni

Hajiya, wa alaikumus salam. Rubutunki ya fito sarai.

Injin gaskiya ne, yana kuma aiki. Amma ki fara da wannan: kin yi ɓarna. Toka ta kankare layukan da allura ke bi, rana ta lanƙwasa sauran. Fayafayai taran nan sun tafi, ba injin da zai dawo da su, kuma yanzu da aka hana shigo da kaya samun irinsu sai an sha wuya. Ki faɗa masa haka da bakinki, ba tare da "amma" ba. Shi kuma ya yi rashin ladabi, kuma fushinsa bai ba shi ikon taɓa abincin marayu ba.

Kada ki je wurin Hakimi tukuna. Ki kira ƙanin mahaifinsu ya tsayar da dillalin, don gadon da ba a raba ba mutum ɗaya ba ya sayar da shi.

Ga saƙona ga Ɗanbaba. Babban injin nan ka bar shi. Tsoho ne, in wani abu ya lalace ciki ba ka samun madadinsa, kuma wataƙila ba irin wutarmu yake sha ba. Ƙaramin ya ishe ka. Kafin ka yi ciniki, kai faifanka mafi datti a wanke gabanka, ka saurara da kunnenka. Ka duba ƙyallen da ke bakin injin inda yake zuƙar ruwan, in ya cinye zai karce faifai. Ruwan rijiya yana barin gishiri cikin layuka, sai tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota, sabo daga kwalba, ba na cikin batir ba. Buroshi mai laushi, ka bi layi, kada takardar tsakiya ta jiƙe. Juyi biyu ya isa. Kafin bukukuwan kaka su ba ka abin saye, ka riƙa kai wa Sodangi kaɗan-kaɗan yana wanke maka.

Hajiya, ki je Bodinga da kanki kafin ranar kasuwa, ki ba shi shafin nan ya karanta. Allah ya huci zukatanku, ya raya jaririn, ya ba ku damina mai albarka.

Malam Ladan