Laka a Farcen Lamba Bakwai

Talata, 9 ga wata, ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, ofishin ajiye bayanai na asibiti.

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki ce mata ina cin abinci.

Yau kwanana goma sha tara da kama aiki. Na san kin ji a rediyo an kai wa sansanin sojoji hari ranar Asabar, an kashe musu mutum biyar, washegari jirgi ya mayar da martani, aka ce ya kashe 'yan ta'adda goma sha ɗaya. Wurinmu aka kawo gawarwakin goma sha ɗayan, ƙarfe biyu saura kwata. Ni na ɗaura wa kowanne lamba a wuyan hannu, domin abokan aikina sun kwashe iyalansu sun bar gari. Daga ni sai fanka da kabad huɗu.

Takardar da ake cikewa gurbi biyu gare ta: ɗan ta'adda, ko farar hula. Wanda ya faɗa gurbin farko ba a ba danginsa gawarsa, hukuma ke binne shi babu suna. Hafsan da ya kawo su ya ce in cike na farko duka, zai karɓa ranar Juma'a. Bai yi mini tsawa ba. Direbansa ya ce cikin sojoji biyar ɗin nan har da ƙanin hafsan.

Tun jiya wata mata ke zaune a bencin ƙofata, da farin yadi cikin leda a cinyarta. Ta ce lamba bakwai mijinta ne, mahaƙin rijiya. Wai bututun ƙarfe suke saukewa daga mota a bakin rami, na cikin jirgin ya ɗauka manyan bindigogi ne.

Yaya, ke kika laƙaba mini Sai-na-gani. To ban ga rijiya ba, ban ga bindiga ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, Sai-na-gani

Juma'a, 12 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na safe.

Yayata,

Ina fatan kuna lafiya. Wasiƙar farko tana jakata, motar saƙo ba ta zo ba, sai ki haɗa su ki karanta.

Ranar Laraba na roƙi mai kula da ɗakin gawa ya buɗe mini. Ya ce, "'Yar boko, su ma jarrabawar za ki yi musu?" Ya dai riƙe mini fitila. Na duba hannun kowa. Takwas akwai jar laka a ƙarƙashin farcensu, tafinsu da kanta irin ta jan igiya. Lamba bakwai har da igiyar awo a aljihu, an ƙulla ta kamu-kamu. Uku ban ga laka ba. Ban cike gurbi ko ɗaya ba. Abin da na gani na rubuta a bayan kowace takarda, na sa hannu.

Hafsan ya zo ƙarfe tara, ya karanta a tsaye, sau biyu. Ya tambaye ni ko laka hujja ce. Na ce, "A'a, ranka ya daɗe, laka ce kawai." Ya daɗe yana kallon matar ta taga. Sai ya zare takarda ta bakwai, ya cike gurbin farar hula da alƙalaminsa. Sauran goman ya sa a jaka ya tafi.

Ta tafi da mijinta ƙarfe goma da minti arba'in. Ba ta yi mini sallama ba, ban kuma ga laifinta ba. Ashe na saba da ganinta. Yanzu bencin babu kowa.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida Inna.
Ƙanwarki, Sai-na-gani

Abin da har yanzu ban sani ba:
Sunayen sauran goman.
Ko su wane ne ukun da ba su da laka.
Ko ranar Litinin zan tarar da kujerata.
Ko sauran bakwai masu laka su ma za su tsira daga kabari marar suna da an sami mai zama musu a benci.
Ko rijiyar ta kai ruwa.