Ɗana mai i'ina na ba lakwal

Assalamu alaikum masu karatun wannan jarida. Edita, ka ɓoye sunana. Ni mutumin Matameye ne, ina ci-rani a Kano, wani abokina ne ke rubuta mini. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni sukuni.

Bara waccan mai gari ya aiko cewa kumandan, wato mai mulkin yankinmu, na son yaro ɗaya daga gidana a sa shi lakwal, makarantar boko ke nan. 'Ya'yana maza biyu ne, babban ya fara riƙe hauya, ƙaramin kuwa, Ilu, yana da i'ina, ko aikensa aka yi sai a gaji kafin ya faɗi saƙo. Ban yi dogon tunani ba na ce a tafi da shi, tunda rashinsa ba zai taɓa gona ba. Uwarsa ta ce yaron da Hausar ma ba ta zauna a bakinsa ba, ina shi ina Faransanci, na ce ta yi mini shiru.

Yanzu yana aji biyu. Sa'o'insa sun fara haɗa baƙaƙe suna karantawa da ƙarfi, shi kuwa in mushe, wato malaminsu, ya tsayar da shi sai ya maƙale a harafin farko, yara su yi ta dariya, ƙarshe ya sha bulala. Da na koma gida da damina na tarar ya kusa daina magana, sai ɗaga kai da girgizawa. Ni ma tsawa na daka masa, na ɗauka taurin kai ne.

Da uwarsa ta matsa na je wurin mushe. Ya ce duk ajin ba mai kyan hannun Ilu, abin da aka faɗa yana rubuta shi daidai, amma in bai karanta da baki ba, ba zai shiga aji uku ba. Ya ce zai sallame shi in ina so, sai dai in kawo yayansa.

Na tambayi Ilu ko yana son ya dawo gida ya huta da duka. Ya daɗe yana kokawa da bakinsa kafin ya ce, "Baba, a allo ba na i'ina."

Tun ranar ban iya haɗa ido da shi ba. Ni na kai shi don na raina shi, yanzu kuma in na cire shi na raba shi da inda maganarsa ke fita. In na bar shi, bulalar ba za ta tsaya ba. Jama'a, akwai wanda ya taɓa ganin mai i'ina ya yi karatu? In cire shi, ko in bar shi?