Tarkon da Ka Bari a Jikin Keke

Zuwa ga ƙanena Auta,

"Yaya, kada ki bari kowa ya sa sifana a keken nan. Ni da kaina zan aiko da feda mai faɗi kafin wata ya mutu." Bakinka ne ya faɗi haka, Auta, a tsakar gida, kana rataye da jakar tafiya, Inna tana zaune tana ji. Wata biyar sun mutu tun ranar. Na fara da wannan ne don kada gaisuwa ta sanyaya mini zuciya. To, yanzu assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da amaryarmu da yara, Allah ya ƙara rufin asiri. Mu ma sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fita bakin ƙofa shan hantsi. Wadda ba ta da lafiya ita ce 'yarka ta wajena, wadda kake tsokana da Likita, kuma kekenka ne sanadi.

Ka san ƙaramin asibitin da ya ɗauke ta yana can saman tudu, inda mota ba ta hawa sai ta ga dama, kuma ba a tabbatar mata da aikin ba sai ta cika wata shida. Da ka bar mata keken hawan dutsenka amana, har addu'a na yi maka. Ban san fedar da ke jikinsa ba ta takalmin mutane ba ce. Ɗan ƙarfe ne kamar kan cokali, an yi shi don ya cafke wani takalmi na musamman, takalmin kuwa ka tafi da abinka. Mai gyaran keke na bakin kwana tarko yake ce mata. A kan wannan kan cokalin yarinyar nan take tsayuwa kullum da takalmin aikinta, hawa da gangara.

Ranar Talata an yi ruwa da safe. Tana saukowa da jinin da aka ɗebi marasa lafiya za ta kai babban ɗakin gwaji, ƙafarta ta zame a gangaren gada, tarkon naka ya tsaga mata ƙwauri, ta faɗa taɓo da akwati a baya. Ɗinki huɗu aka yi mata. Kwalabe uku suka fashe, sai da aka sake kiran masu jinin aka ba su haƙuri. Shugabar asibitin ta ce mata ba ƙin ta take yi ba, amma in aka sake makara ko fasa kwalba kafin ƙarshen watan nan, akwai mutum goma da ke jiran kujerar. Auta, shekara uku yarinyar nan ta yi tana yawo da takardunta a ambulan kafin ta samu wannan wuri. Da ta dawo ba ta yi kuka ba, ta miƙe ƙafar a kan tabarma tana cuɗa farar rigarta a roba. Da ma kukan ta yi, da na fi samun sauƙi.

Na tura maka hoton ɗinkin. Me ya dawo mini? Saƙon murya na minti tara, wai kana nan kana bincike, wai wata fedar ta fi wata nauyi da giram arba'in, wai keke irin wannan ba a sa masa kayan kasuwa. Giram arba'in, Auta! Ruwan idon nan naka tun kana yaro yake, kai ne kake zaɓen biskit har mai shago ya rufe. Duk da haka na karanta duk rubuce-rubucen masana keke da ka turo bayan saƙon, ka san ni, ko takardar ƙunshin sabulu ba ta wuce ni. Abin da masanan naka suka yi shafi ashirin suna faɗa bai wuce uku ba: ta yi faɗi, ta riƙe takalmi, ta juya ba ƙara.

Jiya na je bakin kwana da kaina, mai gyara ya jera mini iri uku a kan benci. Ta farko roba ce sumul, ita ce mafi araha, shi da bakinsa ya ce in ta jiƙe sabulu ce. Ta biyu ta alminiyam mai ƙyalli, kuɗinta sai irinku masu hawa keke don nishaɗi. Ta uku baƙar roba ce mai tauri, faɗinta kamar tafin hannuna, da 'yan ƙusoshi da ke kama ƙasan takalmi. Na juya ta da yatsa, ba karkarwa, ba ƙara, kuma aljihuna zai ɗauka. Tsoron da kake yi kada a lalata maka keke, tun ban tambaya ba mutumin ya ce ta hagu da baya ake murɗa ta, ya yi dariya ya ce tun kafin a yaye ka yake wannan aiki.

Da ta ni ce da an gama tun jiya. Inna ce ta hana. Ta ce amana amana ce, ba a taɓa kayan Autanta sai da bakinsa, in na yi ba ta yafe ba. Na ce mata yarinyar ma amana ce, Allah ne ya ba ni. Ta juya mini baya. Ka ga inda ka tsayar da ni: tsakanin fushin uwata da aikin 'yata, a kan ƙarfe biyu da ba su cika tafin hannu ba.

Litinin za a cire ɗinkin, Talata ta koma hawa. Fedarka ba za ta iso ba, na daina jiran ta. Kalma ɗaya nake roƙo: ka kira Inna kafin la'asar ɗin Lahadi, ka ce mata ka yarda. In la'asar ta wuce shiru, Litinin da hantsi ni zan tura keken zuwa bakin kwana a gaban kowa, in ɗauki fushin Inna a kaina, Allah ya ga zuciyata. Tarkon naka kuma zan sa shi a ambulan tare da zaren ɗinkin nan huɗu in aiko maka, ka ɗora a sikeli ka gaya mini giram nawa ne.

Ka gaida amaryarmu, ka shafa mini kan takwarar Inna da ƙaninta. Inna tana gaishe ka. Likita ma ta ce a gaida Kawu, kuma wai kada in yi maka faɗa.

Yayarka, wadda ta goya ka.