Kwanukan Aisa

Litinin, 1 ga Satumba, 2014
Ɗana Tahir ya bugo daga Kano: Baba, ka taho. Na ce zan duba. Layinmu na unguwar Gomari ya watse saboda rikici, ƙofofi duk kwaɗo. Bayan wayarsa ban sake buɗe baki ba sai a sallah.

Alhamis, 4 ga Satumba
An yi sallama. Wani Dzarma, malamin zane, shi da matarsa suka kama gidan maƙwabcina Ba'ana da ya gudu. Yana bin gidaje yana sayen tsofaffin kwanuka, wai zai haɗa su da walda su zama abin kallo, don a tuna gidajen da aka bari. Ya hango jeren kwanukan marigayiya Aisa ta ƙofar ɗaki, tun na aurenmu. Na ce ba na sayarwa ba ne. Ya ce, "To shayin fa, Baba, shi ma ba a taɓawa?" Ya kai har la'asar.

Asabar, 6 ga Satumba
Ya dawo. Ya nuna mini hoton aikinsa: kwanuka a kife, an huhhuda su, sun tashi kamar rumbu. Na ce, kwanon da ba ya riƙe miya, me sunansa? Dariya kawai ya yi.

Talata, 9 ga Satumba
Ƙarar bindiga wajen filin jirgi. Bai zo ba.

Jumma'a, 12 ga Satumba
Gaskiya tsakanina da takardar nan: ba kwanukan nake tsaro ba. Ranar da ya same su, me zai ƙara kawo shi? In kuma na ci gaba da hanawa, zai gaji. Gwiwata ta hana ni masallaci.

Lahadi, 14 ga Satumba
Na ba shi ɗaya, mai fure ja, kyauta. Na ce ya huda shi inda ba zan ji ba. Da ya fita na juya wa jeren baya.

Litinin, 15 ga Satumba
Kwanon ya dawo. Da tuwo a ciki, da miyar kuka mai busasshen kifi. Dzarma na sosa ƙeya. Wai matarsa Florence ta gan shi a tsakar gida, ta ce kwanon maƙwabci ba ya kwana, ba ya kuma komawa wayam. Ya yi mata bayanin aikin, ta ce ya je ya huda na uwarsa.
Na cinye tas. Rabon da a ci abinci a kwanon nan tun Aisa na da ƙarfi.

Laraba, 17 ga Satumba
Na aika da babba. Shi ma ya dawo. Dzarma ya ce mun haɗa baki mun kashe masa sana'a.

Litinin, 22 ga Satumba
Florence ta aiko: ta gaji da aike, in zo da kaina. Taku kaɗan ne, amma sai da na huta a hanya. Tahir ya bugo ina tsakiyar ci, wai in taho Kano. Na ce masa ba yanzu ba, ana jirana gobe. Saboda gwiwa ne dai. Tafiya na yi mata amfani.