A Buɗe Mana Kyamarar da Aka Kulle Lokacin Jarrabawa

Zuwa ga Mai Girma Direktan lakwal ɗinmu ta koyon aikin gona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka tare da dukan malamanmu. Sunana Rabi Isufu, daga Tajaye, ɗaya daga cikin waɗanda suka gama a bana, aka sallame mu kowa da kwamfutar da ya yi karatu da ita.

Wata ƙungiya mai aikin adana wake a yankin Illela ta kira ni ganawar neman aiki ta bidiyo. Sharaɗinsu shi ne a yi gwajin a kan kwamfutar da mutum zai riƙa aiki da ita, kuma su ga fuskarsa. Da na shiga, muryata ta isa gare su, hoto bai fita ba. Allon ya nuna babu kyamara. Sun yi mini uzuri, suka ɗaga zuwa Alhamis mai zuwa, suka kuma ce ba za a sake ɗagawa ba.

Ga abin da na bincika, don kada a ce ban san na'urar ba:

1. Na duba ko murfin kyamarar a rufe yake. A buɗe yake. Na danna maɓallin da ke kunna ta, ba abin da ya sauya.

2. Na duba izinin da ake bai wa manhajoji na amfani da kyamara. An ba su. Sai na buɗe jerin sassan da kwamfuta ke gani a jikinta. Ko sunan kyamara babu a ciki. Na hau inda rezo na intanet ke kamawa a bayan gidanmu, na sauke ƙaramar manhajar da ke tafiyar da ita, ta ƙi zama.

3. Na yi zaton jijjigar babur ce ta kwance wayarta. Na kai ta Konni wurin mai gyara. Ya ɓamɓare bakin allon a gabana, ya ga wayar daram a mazauninta. Ya jona wata kyamara ta waje, ita ma shiru. Nan na gaya masa cewa tun da aka sallame mu da na'urar ba ta taɓa karanta kile ba, ɗan abin nan na ajiye takardu da ake cusa wa kwamfuta, ina ɗauka raminsa ne ya lalace.

4. Da jin haka sai ya kashe ta, ya shiga saitin da ke tashi kafin komai, wanda suke kira BIOS. A can muka ga an kashe kyamara da ramukan kile, an ɗora kod na sirri a kai. Ba abin da ya lalace. Ya ce zai iya ƙoƙarin fasa kod ɗin, amma ba ya ba ni tabbacin na'urar za ta sake tashi. Na hana shi.

Mai Girma Direkta, na tuna an karɓe kwamfutocinmu gab da jarrabawar ƙarshe, aka ce za a shirya su don hana satar amsa. Ban ga laifin hakan ba. Amma jarrabawa ta wuce, an ba mu su a kulle, ba wanda ya faɗa mana.

Na zo buron lakwal. Sakatare ya ce malamin da ya sa kod ɗin an mayar da shi Malbaza, bai bar wa kowa ba. Na roƙi lambar wayarsa, aka ce sai da izininka, kuma kana tafiya. Shi ya sa na rubuta a fili. Akwai kuma wani dalili: wani ɗan ajinmu a Bazaga ya riga ya sa an sauya masa kyamara lafiyayya, sabuwar ma ba ta tashi ba.

Roƙona uku ne. A tuntuɓi malamin ya buɗe tawa kafin Alhamis; ba sai an ba ni kod ɗin ba, in ana tsoron ya bazu. A sanar da sauran 'yan ajinmu kada su ƙara kai nasu a farke. A kuma riƙa cire kullen kafin a sallami masu zuwa bayanmu.

Ranar Litinin zan zo buro da kwamfutar da cajarta. In Malbaza aka ce in je, zan je. A dai rubuta mini izinin tuntuɓar malamin in tarar.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya dawo da kai gida lafiya, ya sa wannan ta riske ka kafin Litinin.

Wassalam.

Ɗalibarka,
Rabi Isufu, Tajaye