Na Fesa Wa Babur Ɗin Babana Fenti, Na Ce Masa Wankin Kurom Ne

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da duk masu karatu. Ya aiki, ya iyali? Allah ya sa muna lafiya. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma duk wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna, don wallahi zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni. Ba ni da wanda zan zauna in faɗa wa wannan magana, shi ya sa na kawo ta nan.

Ni manomin rake ne a wani ƙauye kusa da Gazara, a ƙasar Makarfi. Ni ne auta a gidanmu, amma ban taɓa sanin gatan auta ba. Yayyena duk sun watse birane, mahaifiyarmu ta rasu, Allah ya jiƙanta, aurena kuma bai yi ƙarko ba. Gida ya rage daga ni sai Baba. Shi kuma Baba ba mai hira da 'ya'ya ba ne, balle ni da yake ganin ban tsinana komai ba tunda ban bar ƙauye ba. "Ina kwana, Baba." "Lafiya." Shi ke nan maganarmu ta wuni. Mu zauna a zaure mu biyu, rediyo na ta surutu, ba mai ce wa wani uffan. Kun taɓa jin kaɗaici alhali kuna zaune kafaɗa da kafaɗa da mahaifinku?

Baba yana da wani tsohon babur da ya girme ni, irin na da mai ƙarfe zalla. A zamaninsa daga Makarfi har Ikara an san shi da ƙyallin babur ɗin nan. Kullum da safe sai ya tankaɗe toka mai laushi, ya ɗiga kananzir a tsumma, ya bi ƙarafan yana murzawa har sai ya ga fuskarsa a ciki. Da yanar ido ta rufe masa gani, sai aka tura babur ɗakin ajiya, tsatsa ta yi ta cinsa. To bayan an gama saran rake bana, ina ɗaure akuya sai na ji ya ce, "Auta, zo." Na manta rabon da ya kira ni da wannan suna. Na durƙusa. Ya ce, "Ni yanzu ba na gane fuskar mutum, ba na ganin hanya. Amma idan rana ta bugi abu mai ƙyalli ina ganinsa, ko da murfin tukunya ne. Ka kwance zoben fitila, da murfin tanki, da hannun birki, da murfin salansa, ka kai a yi musu wankin kurom, irin wanda ke sa ƙarfe ƙyalli kamar madubi. Ina so in ƙara ganin babur ɗina." Jama'a, tunda nake da mutumin nan bai taɓa roƙona komai ba sai ranar. Na ce, "An gama, Baba," ban ma san inda ake yi ba.

Na zuba kayan a buhu na fara yawo. Bakanike a Makarfi ya yi dariya har da buga cinya, wai wa ke wanke tsohon ƙarfe a zamanin nan, in sayi sabo kawai. To sabon irin wannan babur ɗin ina za a same shi? A Ikara aka ce akwai wani mai walda a Kudan da ya sani, na je Kudan shi kuma ya ce in gwada Zariya, a Zariya aka ce sai Kano. A Kano na sami masu wankin kuwa, bayan na sha tambaya, a wata babbar rumfa mai warin asid da manyan kwatarni cike da ruwan magani. Mai wurin ya zazzage buhuna a ƙasa, ya tura kayan da ƙafa, ya ce, "Malam, ai ba ma kunna wuta saboda ɗan wannan tarkacen. Kuma tsatsa ta ci su da yawa, sai an kankare, an cike ramukan, an yi shimfiɗar farko kafin a zo kan kurom." Kuɗin da ya ambata, ko raken gonata duka na sayar ba zai kai ba. Na roƙe shi ya haɗa nawa da aikin wasu idan sun kawo da yawa, ya ce ko hakan ma ba zan iya ba. Ko kallona bai sake yi ba. Na tattara kayana na fito kamar wanda aka kora daga gidan biki.

A bakin tasha na ga mai sayar da fentin feshi na gwangwani, ruwan azurfa. Ban san lokacin da na saya ba. Da na dawo ban shiga gida ba, na wuce gona, na goge kayan da samfefa, na jera su a kan kara na feshe su. Sun yi fari fes, amma ni da nake gani na san ba ƙyalli ba ne, sun dai yi kama da sabon bokiti. Da suka bushe na ɗaura su. Baba ya ce, "Turo shi cikin rana." Na turo. Ya tsaya da sandarsa yana karkata kai nan da can, yana neman hasken, ya daɗe a haka har na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Can ya kai hannu ya shafa murfin tankin, ya ce, "Ma sha Allah. Ya yi, Auta. Allah ya yi maka albarka." Ni kuma, Allah ya yafe mini, na buɗe baki na ce, "A Kano aka yi, Baba." Wane irin ɗa ne zai karɓi albarkar uba a kan ƙarya?

Abin da ya fi damuna shi ne, tun daga ranar Baba ya canza. Bayan la'asar sai ya sa in fito da babur tsakar gida, ya zauna a gefensa, ya fara ba ni labari. Yadda ya ɗauko mahaifiyarmu a kan babur ɗin zuwa asibiti tana naƙudata, taya ta yi faci a hanya, ta yi ta masa faɗa tana dariya. Yadda ruwa ya taɓa tare shi a rafi ya sa aka ɗaga babur ɗin sama don kar laka ta taɓa shi. Ban taɓa sanin Baba yana da ban dariya ba! Har ya fara tambayata ra'ayina a kan gona. Abin da na yi ta nema tun ina yaro, ga shi na samu, amma da gwangwanin fenti na saye shi.

Sai kuma ya koma tsohuwar al'adarsa. Kullum da safe toka da kananzir, yana lalube yana murzawa. Kurom na gaske haka yake so, amma fenti fa? Kananzir na narkar da shi, toka na kankare shi, tsatsa ta fara leƙowa. Sai na riƙa jira ya kwanta bayan azahar, in kwance kayan in gudu gona in ƙara feshi, in dawo in mayar. Ran nan ya sunkuya ya shinshina zoben fitilar, ya ce, "Wankin zamani da wari yake, ko?" Na ce, "E, haka suke yinsa yanzu." Ya ce, "To." Wallahi wannan "to" ɗin ta hana ni cin abinci.

Yanzu ga inda abin ya tsaya. Baba yana da wani amini a Dandamisa, tare suka yi yawon babur suna samari, kuma shi idonsa garau, ga shi ba ya ɓoye magana. Baba ya aika masa cewa ya zo ranar kasuwar Makarfi mai zuwa ya ga aikin da autansa ya yi. Da kallo ɗaya tsohon nan zai gane, kuma a gaban Baba zai faɗa. Shekaranjiya kuma, da Baba ya gama gugarsa, ya miƙo mini tsumman. Ya yi dumu-dumu da ruwan azurfa, har da yatsunsa. Ya riƙe hannuna, abin da bai taɓa yi ba, ya sa mini tsumman a ciki, ya ce a hankali, "Ka wanke wannan da kanka, Auta. Kuma kar ka shanya shi a waje." Na shiga ɗaki na yi kuka kamar ƙaramin yaro.

To ya sani ne yake rufa mini asiri? In ya sani, me ya sa ya kira amininsa? Ko so yake in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa? In kuma bai sani ba, na je na faɗa, ya koma shirunsa na da, mu koma zaman rediyo, ina zan sa kaina? Ba ni da kowa sai shi, kuma duk wannan wahala da na sha, har yau bai ga babur ɗinsa ba. Ranar kasuwa ta matso, tsumman yana nan ƙarƙashin katifata ban wanke ba. Don Allah jama'a, me zan yi?