Ƙafar da Nake Naɗewa

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙarfin jiki? Ina fata Inna tana lafiya. Yaya, na san ke ce mai karanta masa, don Allah a hankali, ban da wannan gudun naki.

Baba, tun da na gaya muku ƙafata ta hagu tana jan ƙasa ina yawan tuntuɓe, Yaya ta ce kun daina cin abincin kirki, wai ku kuka gadar mini da ciwon tangaɗin da ya zaunar da ku da Baffa. Ni ma tsoron da ya cika mini ciki ke nan. Har ɗaukar jikanku na daina, kada mu faɗi tare.

To jiya an yi mini gwajin jijiya da lantarki. Likitar ta taɓa ƙafata ta ce ta yi sanyi, aka tsoma ta a ruwan ɗumi ina zaune kamar wata hajiya. Sannan ta manna mini wayoyi, ta ɗora wani abu mai baki biyu a gefen gwiwa. Ban ankara ba ƙafa ta yi harbi da kanta, saura kaɗan in yi ƙwallo da kofin shayinta. Da aka zo kan allura, siririya ce da ake sokawa a tsoka na'ura tana ƙara kamar ruwan sama a kan kwano, sai surukinku da ya rako ni don ya ƙarfafa mini gwiwa ya fara gumi. Shi aka fitar ya sha iska.

Ta gwada hannu biyu da ƙafa biyu. Ta ce a irin ciwon gidanmu yawanci jijiyoyi kan raunana dama da hagu. Nawa garau suke, sai wuri ɗaya tak, gefen gwiwar hagu, nan saƙon da jijiya take kai wa ƙafa yake maƙalewa. Sai ta ce in nuna mata zamana a shago. Na naɗe ƙafar hagu na danne ta da ta dama, gwiwa a jikin katakon benci, yadda nake wuni in ina kitso. Ta yi dariya har da riƙe baki. Ashe da kaina nake danne jijiyata. Ku gaya wa Inna ta yi nasara, shekara nawa tana yi mini faɗan zaman nan.

Likitar ta ce in na canza zama ina motsa ƙafar, za ta saki a hankali. Wallahi kuka na yi a gabanta, ban ji kunya ba.

Ba zan ɓoye muku ba, ta ce batun gado sai gwajin jini ne zai yanke, kuma zan yi. Amma wannan tuntuɓen ba naku ba ne, Baba, nawa ne, na jan kunne. In ma wata rana Allah Ya kawo wancan, ba na jin tsoronsa kamar da. A gida ɗaya na tashi da mutumin da yake faɗuwa ya tashi yana tsokanarmu, na ga yadda ake ɗaukar ciwon. Don haka ku daina neman gafarata, ban taɓa riƙe ku da komai ba.

A gaida kowa da kowa.

Taku har kullum,
Auta